Takardun Salahu ba na ƙunshin ƙosai ba ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, tara ga watan Sha'aban, bayan la'asar, ana tsaka da ruwa, Allah ya karɓi ran Salahu mai guga, ɗan marigayiya Saudatu, a nan Zongon Lome. Zazzaɓi ne. Bai gaya wa kowa ba sai da ya kasa tashi, don tsoron layin asibiti da idon mutane. Ni Barakatu mai ƙosai ke magana. Ban yi boko ba, Hasanatu 'yar ƙanwata ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara min baki.

Salahu, tun da aka kai ka makwancinka na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in sake komawa in shafa akwatunanka in ji ko yoyon rufi ya taɓa su. E, akwatunanka suna ɗakina. Bari in gaya maka yadda aka yi, amma sai na faro daga baya, don masu saurare su san ko kai wane ne.

Ni da uwarka gida ɗaya muka zauna a tsohon Zongo, kafin a tashe mu. A gabana ka girma. Ba ka kallon mutum a ido. In an tara jama'a, suna ko biki, sai ka toshe kunne da hannu biyu kana rausaya. Aka ce iska ce, aka ce maye ne ya kama ka, ka sha rubutu har haƙoranka suka yi baƙi. Kana babba wani likita ya faɗi sunan abin da Faransanci, otis ko me, ya ce ba ciwo ba ne, haka aka halicce ka. Saudatu ta ce ita dama ta sani, kuɗin mota kawai ta ɓata.

Lakol, makarantar boko, ita ce ta fi wahalar da kai. Akwai wani ƙashi da igiya da suke kira sinyal, duk yaron da ya yi Hausa ko yaren Mina a aji maimakon Faransanci sai a rataya masa, wanda aka tashi yana wuyansa ya sha bulala. Kai ko Hausar ma ba ka yi, amma kullum a wuyanka yake ƙarewa, don yara sun gane ba za ka iya cewa ba ni ba ne. Malamin ya tsayar da kai gaban aji ya ce ɗago kai ka yi magana. Daga nan ka gudo ka shige ƙarƙashin teburina.

A nan ƙarƙashin tebur ka ga takardar. Mu masu ƙosai tsofaffin takardu muke saye a kasuwar Asigame mu yi ƙunshi, ba mu duba abin da ke jiki. A ciki akwai masu zane, gida-gida, mutane suna magana cikin kumfa bisa kansu. Na miƙa hannu zan yage ɗaya, ka riƙe min wuyan hannu. Ka ce, "Inna, wannan bai ƙare ba." Ranar na fara jin jimla cikakkiya daga bakinka.

Tun daga nan ba a buɗe ɗaurin takarda a teburina sai ka zo ka tsince naka. Kuma ba ka taɓa ɗauka a banza ba. Sai ka kawo takardar siminti, ka karkaɗe ta, ka yanka min daidai wa daida, ko wacce kamar 'yar'uwarta. Wadda mai ya taɓa, ka barbaɗa mata alli, ka ɗora tsumma, ka bi ta da dutsen guga mai ɗumi har man ya fita. Ka jera su bi da bi, ka sa kafur saboda gara. In shafi ɗaya ya ɓace a labari, sai ka bar masa gurbi, ko shekara nawa za a yi.

Mutane sun ce ba ka da zumunci. To da mijina ya rasu ina takaba, wa ke zuwa kullum bayan azahar? Ka zauna bakin ƙofa, ka juya min baya, ka buɗe littafi kana ba ni labarin wani mai doki da hula, kana sauya murya, har da ta dokin. Ban taɓa ganin ka gaisa da mutum ya wuce kalma biyu ba, amma in idonka na kan zane, harshenka kamar an kwance shi. Na yi dariya a cikin takaba, Allah ya yafe min. Da aka tashe mu muka dawo nan bayan gari, kaskona ka fara ɗauka a ka, kafin naka kayan.

Kana da abokai, ko da 'yan gidanku ba su ɗauke su abokai ba. Issifou tela na unguwar Amoutivé, wanda kuka yi aji ɗaya, da Komlavi mai canji na Kodjoviakopé, mai kawo muku littattafan zane na Turanci daga Aflao, can bakin iyaka. Duk Lahadi ku zauna a benci ɗaya, ku wanke hannu kamar masu alwala, ku yi ta juya shafi, ba mai cewa uffan. Na taɓa tambayar Issifou, wannan wace irin hira ce? Ya ce Inna, shi Salahu dai nan ne kaɗai ba a ce masa yi magana.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Bayan sadakar bakwai, yayanka Alhaji Abdulwahidu ya ce a share ɗakinka kafin azumi, kuma ba ya son hotuna a gida. Matarsa Haulatu ta ce maimakon a ƙona, a yi sadaka da su ladan ya kai maka. Wa ke buƙatar takarda? Masu ƙunshi. Sai ga amalanke a ƙofata, cike da akwatunanka. Alhaji da kansa ya rako, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, ga su nan, sun ishe ki ƙunshi har babbar salla." Da zuciya ɗaya ya faɗa, Salahu. Alheri ya nufa. Abin da ka kwashe rayuwarka kana cirewa daga teburina, shi aka dawo min da shi in zuba wa ƙosai. Sai na ce a shigar ciki.

Ashe ba duka ba ne. Shekaranjiya wata mata ta tsaya sayen ƙosai, a hannunta ƙunshin gyaɗa. Na duba, sai ga mai dokin nan da hularsa, an murɗe shi, gishiri a fuska. Na karɓe na ba ta ƙosai a madadin. Da na bincika, Haulatu ta raba wani kwali ga masu gyaɗa da masu tsire na bakin titi. Tun ranar nake yawo da ƙafafun nan nawa, tebur tebur, ina cewa ku nuna min takardunku. Wasu na samu. Wasu sun tafi cikin kwata da ruwan sama. Waɗanda na samu ma ban san gurbinsu ba, ban iya karatu ba, ina dai riƙe da su a gefen zane kamar kuɗi.

Don haka duk wanda wannan magana ta kai kunnensa, in ka sayi abu ka ga zane gida-gida a jikin ƙunshin, kar ka yar. Kawo wa Barakatu, ko da mai, ko da yaji, na ga yadda ake cirewa. Issifou, Komlavi, na san kunya ta hana ku shiga gidan makoki, daga nesa kuka tsaya ranar jana'iza, na gan ku. Benci yana zaurena. Ku zo ran Lahadi ku jera su yadda yake jerawa. Ba sai kun gaishe ni ba, zan ajiye ruwan wanke hannu in ba ku wuri. Alhaji, ɗana, ban ƙi kyautarka ba, na karɓa. Amma da ganye zan yi ƙunshi.

Ina yi wa Alhaji Abdulwahidu da Haulatu da ƙanwarka Sakinatu ta unguwar Avédji ta'aziyya, da dukan dangin Saudatu, da mutanen Zongo. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanka, Salahu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da uwarka. Ya sauƙaƙa maka tambaya, ya kwance harshenka yadda yake kwancewa a bakin ƙofata. Ya ba ka wuri mai inuwa a Aljanna, gefe, inda ba hayaniya, inda ba mai ce maka ɗago kai. Amin.