Kabarin da ke Kan Tudu a Ingila

Da asubar fari muka bar gida a Riyad, garin ma bai fara ɗumi ba. Mu uku ne: maigidana, dattijon da nake wa direba shekara da shekaru, da babban ɗansa, sai ni mai tura dattijon a keken marasa lafiya. Asibiti ya kai mu Landan. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce zuciyar ta gaji, aiki ba zai yi ba, sai dai magani da hutu. Muka koma masauki. Da safe dattijo ya ce shi ba zai koma ba sai ya ga duwatsun mutanen da, waɗanda ya taɓa gani a talabijin.

Ɗan ya ɗauki hayar mota, shi ya tuƙa. A can ta hagu ake bi, ni kuwa na zauna a gefe ina ta taka birkin da babu shi. Hanya sumul, ko'ina kore shar, tumaki sun ƙoshi har ba sa ɗaga kai. Mun tsaya shan shayi, kuɗin kofi ɗaya zai ba ka farantin shinkafa da kaza a unguwar Shumaisi ta Riyad, ga shayin kuma salam.

Stonehenge muka fara zuwa. Bas ce ke kai mutane, an kewaye duwatsun da igiya, ba a taɓawa. Sun fi mutum tsawo nesa, an ɗora wasu a kan wasu kamar ƙofofi. Mai yi wa baƙi bayani ta ce ƙananan cikinsu daga wata ƙasar duwatsu mai nisa aka jawo su, a zamanin da ba ƙarfe, da ƙahon barewa ake haƙa. Na tambayi ɗan ko gumaka ne. Ya ce masanan ma ba su tabbatar ba, sun dai san akwai matattu a binne.

A Avebury kuwa ƙauye ne guda a tsakiyar da'irar duwatsu, tumaki na soshe-soshe a jikinsu. Nan dattijo ya ji labarin wani dogon kabari a kan tudu, wanda ake iya shiga. Da muka isa bakin hanyar, ashe turba ce ta cikin gonaki, ga taɓo, keke ya ƙi. Ɗan ya ce a haƙura.

"Ba zan sake zuwa ƙasar nan ba," in ji dattijo. "Kai ma ka sani."

Na durƙusa na ce, "Baba, hau." Na goya shi. Bai fi buhun gero rabi ba, rashin nauyin nan nasa ya dame ni fiye da gajiyar. Ina jin numfashinsa a wuyana, in ya yi sama-sama sai in tsaya. Ɗan na biye da mu da magani a hannu, fuska a murtuke.

Cikin kabarin sanyi da duhu, ɗakuna ƙanana hagu da dama, an gina su da manyan duwatsu. An kwashe ƙasusuwan tuni. Dattijo ya dafa bango ya daɗe. Ya ce ranar da suka bar gidansu na laka a Dir'iyya, kusa da Riyad, ko waiwaye bai yi ba, murnar siminti yake. Sai ya juyo gare ni.

"Ya waladi, ɗana, ku a garinku me mutanen da can suka bari?"

Na ba shi labarin zanen shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda muna yara muke cewa aikin aljanu ne, muna wucewa a guje. Ya yi dariya har da tari.

"Ka kai yaranka," ya ce. "Ka ce musu mutane ne."

Mun dawo Riyad lafiya, zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi. Dattijo yana kwance yanzu, ba ya fita ko masallaci, amma ya sa ɗansa ya ba ni hutu in je gida. Abin da na koya bai da yawa. Waɗancan mutane ba wanda ya san sunansu ko yarensu, amma sun haɗa ƙarfi sun ɗaga dutse saboda matattunsu, kuma dutsen na nan. Na kira babbar 'yata na ce ta gaya wa ƙannenta su shirya, za mu hau dutse. Ta ce, "Baba, ba aljanu?" Na ce babu, kakanni ne.