Ba Wanda Ya Kayar da Ita

Shekaranjiya maƙwabciyata ta ɗora man kaɗanya a wuta za ta shafa wa ɗanta, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsince shinkafa. Sai kawai na ajiye farantin. Ni da wannan mai ba ma shiri, duk amfaninsa kuwa, domin ba abin da yake tuna min sai shekarar da na zama abar zargi a gidanmu.

A Panshekara na tashi, lokacin da masana'antun Challawa ke tashe. Babanmu a masaƙa yake aiki, wani mako ya yi na safe, wani mako na rana. Jiniyar kamfani ce agogonmu, da ta yi kuka Inna ta san lokacin ɗora tukunya ya yi. Idan iska ta juyo daga wajen majema kowa sai ya toshe hanci, ban da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ke cewa warin arziki ne, mu daina iyayi. Ni ce 'yar fari, kuma an daɗe ana jira kafin a samu ƙanwata. Kaka ce abokiyar wasana. "Ƙawata" take kirana, in tsokane ta ta rama, in cinye mata ƙosai ta ce za ta kai ni ƙara wajen mai unguwa.

Kaka tana ɗingishi. Tun da na buɗe ido haka na gan ta, in ta taka ƙafar hagu sai jikinta duk ya karkata. Kowa a gidan ya san dalili: wai yayarta ce ta kayar da ita daga goyo a hanyar rijiya, can ƙauyensu, tana jaririya. Ita ba ta san lokacin da aka yi ba, ba ta labari aka yi, amma ta riƙe shi gam. Har suka tsufa ba sa ga maciji. Ko da yayar ta rasu, Kaka zuwa ta yi ta yi gaisuwa a tsaitsaye, ta juyo a ranar.

Da ƙanwata ta yi ƙwari, goyonta ya dawo hannuna. Baba ya kawo min wani yankin atamfa da rini ya ɓaci a kamfani, aka yi min majanyi da shi. Ka ga yarinya da goyo, ana tafe ana yanga! Da ita nake zuwa niƙa, da ita nake zuwa kallon 'yar gala-gala, har in tana barci sai na tashe ta don in goya.

Da damina ne ƙanwata ta fara tafiya, dawa ta kai gwiwa a gonakin bayan gari. Ta makara kafin ta miƙe, kuma da ta fara takawa sai muka ga tana karkata gefe guda. Ba ta kuka, ba ta nuna wani wuri na yi mata ciwo, dariyarta kawai take yi tana bin kaji. Kaka ta zuba mata ido daga kan tabarma. Can ta kira ni, ba da sunan wasanmu ba.

"Ke, zo nan. A ina kika yar da ita?"

Na rantse da Allah ban taɓa ba.

"Haka ita ma waccan ta rantse," in ji Kaka.

Daga ranar aka karɓe majanyina. Kullum da safe Kaka ta narka man kaɗanya, ta kwantar da yarinyar a cinyarta tana murza ƙugun, tana jan ƙafar wai ta daidaita da 'yar'uwarta. Ni kuwa ko kusa ba a bari in zo. Inna ta san halina, na kuma ga a idonta ba ta yarda ba, amma ka san al'adar lokacin: uwa ba ta shiga maganar 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya ja-in-ja da surukarta a kaina. Maganar ta fita unguwa. Matan da a da suke miƙo min jariransu in riƙe musu, yanzu ina shiga gida sai su janye su. Wannan ya fi duka ciwo, kuma na ji haushinsu ƙwarai, har yau ban gama hucewa ba. Abin da ya fi muni shi ne na fara shakkar kaina. In zauna a bayan ɗaki ina bin duk hanyar da na taɓa bi da ita, ina neman inda na yi tuntuɓe na manta.

An kai ta wajen maɗori, ya lalluba ya ce shi bai ji karaya ba, bai ji targaɗe ba. Baba ya yi wa malamin ɗakin shan magani na kamfaninsu bayani, shi ne ya ce a kai ta asibitin ƙashi a cikin gari. Baba ya yi musayar aiki da wani abokinsa. Kaka ta ce ƙafarta ƙafarsu, kuma a tafi da ni, in faɗa wa likita da bakina yadda aka yi.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Aka ɗauki hoton ƙashi, muka jira har azahar ta gota. Likitan ya kwantar da ƙanwata, ya tanƙwara gwiwoyinta, ya nuna wa Baba yadda ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kafin ya yi magana Kaka ta turo ni gaba.

"Ga wadda ta kayar da ita nan, likita. Ku tambaye ta."

Ya dube ni, ya dubi Kaka. "Iya, ba wanda ya kayar da ita. Da shi aka haife ta."

Ya ɗaga hoton a haske, ya ce kan ƙashin cinya yana zama ne a cikin wani gurbi a ƙugu, kamar taɓarya a turmi. Nata turmin bai yi zurfi ba, shi ya sa ƙashin ya zame. Ya ce goyon ma ba abin da ya yi mata sai alheri, domin yaro a baya ƙafafunsa a buɗe suke, kuma haka ƙugu yake so. Sai ya roƙi Kaka ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. Ta taka, tana ɓata rai.

"Naku tun yaushe ne, Iya?"

"Tun ina goye. Yayata ce ta..."

"Allah ne masani, ban ga hotonku ba," in ji shi. "Amma abin yakan bi jini, kuma ya fi samun mata. Ina kyautata zaton ku ma haka aka haife ku."

A bas muna dawowa, Kaka ta kafa ido a taga. Ni kuwa daɗi kamar in yi tsalle, ina jira ta juyo ta ce wani abu. Ba ta juyo ba.

An yi wa ƙanwata aiki, aka sa mata filasta tun daga ƙirji har idon sawu, ƙafafu a wangale, aka bar 'yar kafa ta ƙasa don tsarki. Abin ya faɗo a bazara. Zafi, ƙaiƙayi, kuka, ga nauyi. Inna ta rame da jinya. Baba ya samo katakon akwatin inji ya ƙera mata kujera mai faɗi da za ta iya zama a kai. Masu zuwa dubiya kuwa, wasu addu'a suke kawowa, wasu baki. Wata ta ce an kai yarinya lafiya lau an mayar da ita kwaɗo. Kaka ce ta raka ta har zaure da maganar da ba zan maimaita ba.

Amma ni har lokacin ba ta ce da ni komai ba. Sai wata safiya, yarinyar ta ƙi kowa tana ta tsala kuka, na ji daga ɗaki an ce, "Ƙawata, juyo bayanki." Ta fito da majanyin nan nawa daga ƙasan adakarta. Da hannunta ta ɗora min ƙanwata, ta ɗaure, filastar tana gogar haƙarƙarina. Nauyin ya fi ƙarfina, don haka ta tallafo ta daga ƙasa da hannu biyu, ta ce mu je. Muka fita ƙofar gida, ni a gaba ita a baya tana ɗingishi, muka bi layin gida gida, tana tsayawa tana gaisawa da matan unguwa, ba tare da wani dalili ba. Kowa ya gani. Tsofaffin wancan zamanin ba sa ce wa yaro ya yi haƙuri, iyakar nata ke nan, kuma ya ishe ni.

Bayan haka ta ɗauki wata ɗabi'a, duk Juma'a sai ta soya waina ta rabar. Na tambaye ta sadakar wa ce. Ta ce, "Ta yayata ce. Ta sha gaya min ba ta tuna ta yar da ni ba. Ban taɓa sauraronta ba."

Yau masaƙar da Baba ya yi wa aiki a rufe take, gonakin bayan gari sun zama gidaje. Ƙanwata da jikokinta, tafiyarta garau, sai in ta gaji ne za ka ga ɗan alama. Yanzu akan duba ƙugun jariri tun yana ɗanye, kuma in an gano da wuri sau da yawa ba a kaiwa ga aiki. Duk da haka har gobe ina jin ana tambayar wa ya kayar da yaro kafin a tambayi ina za a kai shi, kuma in na ji ba na yin shiru, ko a gidan wa nake. Ni an wanke ni tun ina yarinya. Ita kuwa yayar Kaka, matar da ban taɓa gani ba, ina sa ta a addu'a duk bayan salla. Ta goyi ƙanwarta kamar yadda na goyi tawa, ta kuma koma ga Allah ba wanda ya ce mata ba ita ba ce.