Motar Yayana da Sunan Wani

Mu mutanen Kazaure a matse muke tsakanin jihohi biyu, kamar fasinjan kujerar tsakiya. Ka yi kudu kaɗan ka faɗa Kano, ka yi arewa ko yamma ka tsinci kanka a Katsina. Shi ya sa duk wanda ya sayi abin hawa a wajenmu, tun bai gama duba inji ba yake tambayar inda lamba ta fi araha. Kowace jiha da nata kuɗin rajista, da nata harajin sabunta takardu, kuma kowane mai shayi a tasha gani yake ya fi ma'aikatan haraji sanin farashin. Ni ma a bencin mai shayi na yi nawa karatun, na kwaso shi na kai gida na cuci yayana da shi.

Yayana direba ne. Ya yi shekaru yana tuƙa motocin mutane yana kai musu balas, wato kuɗin da direba ke miƙa wa mai mota in an tashi daga aiki. Bayan rasuwar mahaifinmu ya sayar da gonar da ya gada a wajen Gwiwa, ya haɗa da shanun huɗarsa biyu, ya sayo wata tsohuwar a-kori-kura fara. Ranar da ya kawo ta sai da ya zagaya ta sau uku yana shafa ta, sannan ya ce daga yau ya gama kai wa ɗan Adam balas.

Ni malamin firamare ne, ni ne ɗan bokon gidan, saboda haka duk abin da ya shafi takarda a kaina yake sauka. Na ce masa mu tsallaka iyaka mu yi lamba a can, ta fi sauƙi. Ba zan faɗi wace jiha ce ba, don yanzu na ji an ce ta fi tamu tsada, kuma ko a lokacin ban ga farashin a rubuce da idona ba. Wani mai yi wa mutane takardu a bakin ofis ya ce abin zai fi tafiya sumul in an sa sunan mazaunin jihar da adireshinsa. Muna kuwa da mutum a can, aminin mahaifinmu, wani dattijo mai sayar da hatsi da muke kira Baba.

Yaya ya dube ni. Ya ce, "Malam, ni da a sa sunana kawai, ko da tsadar."

Na yi dariya, dariyar wanda ya san komai. Na ce, "Suna a takarda ne fa kawai, Yaya. Mota tana ƙofar gidanka, makulli yana aljihunka."

Baba bai yi musu ba, har addu'a ya yi wa motar. Na je da takarda da biro a aljihu, da niyyar a rubuta cewa aron suna aka yi. Amma ta yaya za ka dubi mutumin da ya yi wa ubanka wanka ya sa shi a kabari, ka ce masa ya sa hannu? Hannuna ya kai aljihu ya dawo. Har rasit ɗin cinikin sai da aka sake rubutawa da sunan Baba don takardu su dace, na asalin kuma na bar shi a hannun mai takardun nan ban ƙara bi ta kansa ba. Rarar da muka samu ba ta taka kara ta karya ba. Tamfol Yaya ya saya da ita, na rufe kaya in damina ta faɗi.

Motar ta yi albarka. Ranar kasuwar Gwiwa tana can, ta Roni tana can, ta ɗauko riɗi daga Kanya Babba, ta kwaso awaki daga Babura. Duk shekara bayan kaka, in takardu sun ƙare, Yaya zai tsallaka ya sabunta, ya biya ta gidan Baba ya durƙusa ya gaishe shi. Ba ya zuwa hannu rabbana. Buhun gero biyu yake saukewa a zaure, ya bar wa Baba kwafin sabbin takardun, tunda dai sunansa ne a jiki. Ni har yaba masa nake yi, ina cewa ya iya zumunci.

A shekara ta shida Baba ya rasu. Mun je jana'iza, mun yi zaman makoki. Bayan sadakar arba'in aka aiko daga gidan Baba a kira Yaya, na raka shi. A zaure muka tarar da malamin da zai raba gado, da babban ɗan Baba wanda ya daɗe yana aiki a kudu, bai san mu sosai ba. A gabansu ga kwafin takardun motar, shekara bi shekara, an fito da su daga akwatin mamacin a jere.

Na yi bayani tun daga farko. Malamin ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai ƙaninsa ne, kuma kai kaɗai ne shaida. Akwai rubutu?"

Babu rubutu. Aka tambayi matar Baba, ta amsa daga bayan ƙofa. Ta ce, "Ni dai abin da na sani, duk shekara yana kawo wa Alhaji nasa kason." Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Geron zumuncin nan shi ya koma balas a idon mutanen gidan.

Babban ɗan ba mugu ba ne, wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai, don ban samu wanda zan tsana ba. Ya ce wa Yaya, "Ɗan'uwa, ni ba na son cin haram. Amma akwai ƙannena ƙanana a cikin gadon nan, ba ni da ikon yafe haƙƙinsu da fatar baki. In za ka rantse da Alƙur'ani, ɗauki motarka."

Na ja Yaya waje na roƙe shi. Na ce gaskiyarka ce, ka rantse, ko mu tafi kotu da mutanen da suka san ka sayar da gona. Ya girgiza kai. Ya ce mahaifinmu bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan abin duniya ba, shi ma ba zai fara a kan ƙarfe ba, kuma ba zai tsaya gaban alƙali da marayun Baba ba. Na ji haushinsa a ranar, har yau ma ina ɗan ji, amma bai kai rabin wanda nake ji a kan kaina ba.

Motar ta faɗa a kason matar Baba da yaranta. Ba su da direba, sai suka roƙi Yaya ya ci gaba da riƙe ta. Ya karɓa, don yana da iyali kuma ba shi da gona. Yanzu duk Juma'a yake tsallaka iyaka ya kai balas. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko sau ɗaya. In ya biyo ta ƙofar makarantarmu yana yi mini hon kamar yadda ya saba, ni kuwa da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

A daminar bara na lura tamfol ɗin nan ya yayyage, ruwa yana jiƙa masa kayan mutane. Da aka yi albashi na sayo sabo, mai kauri, na ɗaura a babur na kai masa tasha. Ya warware shi ya duba, ya ce ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Sannan ya ɗago ya dube ni yana murmushi.

Ya ce, "Malam, wannan kuma da sunan wa ka sayo shi?"

Direbobin da ke wurin suka yi dariya, shi ma ya taya su. Ni dai na riƙe masa ɗaya gefen, muka naɗe shi tare.