Lawali Mai Kula da Sabobinmu Ya Rasu

Ban gama buɗe ƙofar biro ba, wato ofishinmu, yau da safe direbanmu ya tare ni, ya ce Lawali ya rasu a asibiti a Damagaram.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ɗan tsaya da makulli a hannu. Daga nan na shiga na kunna kwamfuta, don ban san me kuma zan yi ba.

Ba zan ce muku aminina ne ba. Abokin aiki ne. Mun yi shekaru a ɗaki ɗaya nan Matameye, teburinsa a gindin taga, nawa a bakin ƙofa. Akwai ranakun da daga "ina kwana" sai "sai gobe".

Ƙungiyar da muke yi wa aiki tana taimaka wa wasu ƙananan asibitocin ƙauye a wajejen Kance, Dawce da Ɗan Barto. Kowanne yana da saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan marasa lafiya da masu awon ciki. Ni ke koya wa ma'aikata yadda za su shigar da bayanai, Lawali ke kula da na'urorin.

Saba tana da wani mugun hali. In wuta ta ɗauke mata ba shiri, ko faifan cikinta ya fara gajiya, sai ta kulle kanta. Duk abin da ke ciki za ka buɗe ka karanta, amma sabon abu ba ya zama. Kana rubutu, kana ganinsa a allo, ka tashi da tunanin ka gama aiki, alhali ba abin da ya shiga.

An taɓa yin haka a ɗaya daga cikin ƙauyukan, kwana huɗu ba wanda ya lura. A cikin kwanakin nan ne wata mai ciki ta zo, aka yi mata allura, jikinta ya ƙi. Ungozoma ta rubuta a kwamfuta cewa kada a sake yi mata irinta. Da matar ta dawo bayan sati biyu, wata ungozomar ce a bakin aiki. Ta buɗe, ba ta ga komai ba, ta sake yi mata allurar.

A mota aka kawo ta gari, fuska a kumbure, numfashi da ƙyar. Allah ya yi da sauran kwananta, ita da abin da ke cikinta.

Lawali ya hau moto, wato babur, ya je ƙauyen da kansa. Da ya dawo bai zagi kowa ba, bai ce laifin wane ba ne. Ya zauna kusan sati yana ta ƙwanƙwasa kwamfuta, har ya haɗa wani ɗan tsari. Daga teburinsa, kowane minti biyar, tsarin yana gwada rubuta kalma ɗaya a cikin kowace saba, sannan ya goge. In ta karɓa, shiru. In ta ƙi, saƙo ya shigo wayarsa da sunan ƙauyen.

Na tambaye shi wace kalma ce. Ya ce, "Lafiya. Me kuma ake tambaya in an je gaisuwa?"

Tun daga nan na sha jin shi a waya yana cewa, "Ku dakata da kwamfuta, ku ɗauki takarda da alƙalami. Ga ni nan zuwa." Wani lokaci ma'aikacin yana musu, yana cewa komai lafiya lau, ga shi yana gani a allo. Lawali sai ya ce, "Gani daban, shiga daban. Dakata dai."

Yana da faɗa a kan abu ɗaya: mai zare wayar saba daga bango don ya sa cajin wayarsa. Wannan ko wane ne sai ya ji.

Wata rana na goge jerin sunayen yaran rigakafi na ƙauye guda da hannuna. Hankalina ya tashi. Lawali ya jawo kujera, ya dawo da su daga ajiyar jiya, ya ce, "Malama Rabi, yatsa ne ya zame." Har yau shugabanmu bai san an yi ba. To, yanzu zai karanta.

In ya dawo daga hanyar Ɗan Barto lokacin rake, sai ya ɗauro biyu a bayan moto, ya yayyanka, ya ajiye wa kowa a teburinsa. Ba ya tsayawa a yi masa godiya.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar Alhamis ce, sati uku ke nan. Ya shigo da silifa don ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ya ce likita ya tura shi Damagaram a duba masa ƙoda. Ya karɓi wayata, ya sa lambata a cikin tsarin, ya ba ni takarda ɗaya da lambobin ƙauyukan.

Ya ce, "In saƙo ya zo, kada ki ce bari a gani. Ki kira su nan take."

Na ce, "Kai dai je ka dawo, Malam Lawali, ni ban iya harkarka ba."

Ya ce, "Ai kin iya kiran waya."

Sau biyu saƙon ya zo bayan tafiyarsa. Duka na kira, kuma ba abin da ya ɓace.

An kawo shi, an yi jana'iza bayan azahar. Na shiga gida gaisuwa. Matarsa Hassana ta riƙe hannuna, ta ce, "Yaya Rabi, wai me yake yi muku ne? Ana cin abinci waya ta yi ƙara, sai ya wanke hannu ya fita. Na sha yin fushi. In na tambaya sai ya ce na'ura ce kawai."

Na ba ta labarin matar nan mai ciki, daga farko har ƙarshe, 'ya'yansu mata biyu suna zaune suna ji.

Da na gama, Hassana ta ce, "Da ya faɗa mini, ai da na riƙa rufe masa tuwon."

Allah ya gafarta wa Lawali, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓi abin da ya yi ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Allah ya ba Hassana haƙuri, ya raya mata yaran nan.

Wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a in ya idar da salla.