Kwana Biyun da Na Rubuta wa Yaya Kabiru

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Kabiru makwancinsa a gabashin Landan. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Yaya direban bas ne a Dagenham, ni kuma ƙaninsa ne da ya ɗauko daga Kano ya sa a jami'a a Bloomsbury. Duk takardar da ta shigo da Turanci mai kauri, ni ake miƙo wa, har yana tsokanata da "Lauyan gida". Da aurensa da Anti Rabi ya mutu, 'yarsu Fa'iza tana da shekara goma sha ɗaya, sai ofishin da ke yanka kuɗin ciyar da yara ya nemi bayanansa.

Lissafin ƙasar nan ba ruwansa da wanda ya yi laifi a auren. Ana duba abin da uba yake samu kafin a cire haraji, a yanka kaso gwargwadon yawan 'ya'yan, a duba ko yana riƙe da wasu yaran a gidansa. Sannan a zo kan dare: dare nawa yaro yake kwana a wurin uban a shekara? In ya kai hamsin da biyu, a rage masa kashi ɗaya cikin bakwai. In ya kai ɗari da huɗu, a rage biyu. Wunin da yaro ya yi a hannunka, ko ka ciyar da shi sau uku, ba ya shiga lissafi.

Muna zaune a ɗakinsa ina cike takardar, na tambaye shi da Hausa, "Yaya, kwana nawa Fa'iza take yi a wurinka?"

Ya ce, "Asabar da Lahadi. Kwana biyu ke nan duk sati."

Na ninka, na rubuta dare ɗari da huɗu, ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Alhali na sani sarai yarinyar ba ta taɓa kwana a wurin ba. Ɗaki ɗaya yake haya a gidan da maza suka cika, don haka da safe yake ɗaukar ta, kafin magariba ya mayar. Shi ya ƙirga kwana irin namu na Hausa, ni kuma mai ilimin na zuba shi a gurbin dare ina sauri in kama jirgin ƙasa na tube.

Ofishin ya tuntuɓi Anti Rabi don ta tabbatar. Ina ɗakinsa lokacin da ta kira shi, muryarta har waje ana ji. "Kabiru, a kan abincin 'yarka za ka yi ƙarya? Yaushe ta kwana a wurinka?" Na miƙa hannu in karɓi wayar, ya buge hannun. Bayan ta kashe ya ce, "Ka rufe bakinka. Dama cewa take danginmu ne suka kashe mata aure. In ta ji kai ne, ko Hajiyarmu ba za ta ƙara jin muryar jikarta ba. Ni na sa hannu."

An gyara takardar, ba a rage ko sisi ba, ya ci gaba da biya har ranar da zuciyarsa ta tsaya. Amma wata takwas Anti Rabi ta hana shi ganin yarinyar, kuma da aka koma ziyarar, Fa'iza ta daina kiransa Abba, sai gaisuwa a tsaye. Abin ya ci shi ƙwarai. Ni kuwa na ji daɗin umarnin da ya ba ni, na ɓuya a bayansa, wannan ita ce gaskiya.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu mutum yakan yi lissafin a wayarsa cikin minti biyar ya ga abin da za a yanka masa. Na san zai yi dariya ya ce an kori Lauyan gida daga aiki. Sai dai har yau ina ganin 'yan uwanmu suna faɗa wa wannan rami, kuma ina ganin waɗanda suka san ramin suna jayayya a kan dare guda don kuɗi ya ragu. Waɗannan kam, Yaya ba zai yi musu da daɗi ba.

Fa'iza ta haihu ranar Asabar da ta wuce, namiji. Mijinta ya so a sa wa yaron Kabiru, ta ƙi. Da na je barka ta ce min a gaban kowa, "Baffa, ba zan sa wa ɗana sunan wanda ya yi ƙarya a form don ya rage kuɗin abincina ba. Please, kar ma a fara."

Na jira mutane suka ragu, na faɗa mata komai, tun daga tambayar da na yi har hannuna da ya buge. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon jaririn.

Yaya bai bar gida ba, bai bar wata dukiya ba. Ya bar ni da digiri, ya bar Hajiya da jikar da take kiranta duk Juma'a, kuma mutuncinsa a idon 'yarsa ya bayar aka samu wannan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Gobe ne suna, kuma ban san sunan da za a raɗa ba, ban kuma da bakin roƙo.

A ranar barkar, da zan fita ne Fa'iza ta kira ni. "Baffa, shi ya yi shiru don ya rufa maka asiri. Yau shekara bakwai ba ya nan. Kai don wa ka yi shiru?"