Baffa Ya Koma Kuka da Turanci

Jiya ina sauka a garinmu, can ƙasar Kunci, na tarar ana yi wa Baffana jaje a ƙofar gida. Ruwa ya rusa masa rumbu. Kafin nan tsutsa ta cinye dawarsa, san huɗarsa ya karye, ga Inna kwance da zazzaɓi.

Kun dai san dattawanmu. Ko gidansu na ci da wuta, in ka gaishe su "lafiya lau" za su ce. Shi ya sa ba wanda ya san abin ya kai haka.

Maƙwabcinsa Malam Audu ya ce, "Sannu Sule, yaya ƙoƙari?"

Baffa ya ce, "Alhamdulillahi, lafiya lau. Sai dai bak-tu-bak."

Kowa ya juyo yana kallona, don an san a bakina ya tsinta. Na ce Turanci ne, wato wata wahalar ba ta gama tafiya ba wata ta iso.

Malam Audu ya ce, "Haba Sule! Da girmanka kake ƙorafi?"

Baffa ya ce, "Wane ƙorafi? Da Hausa ai godiya na yi. Na Turanci ba ya cikin lissafi."

Bai rufe baki ba bencin da suke kai ya karye, duka suka zube ƙasa. Malam Audu na lalubar hularsa ya ce, "Sule, maimaita min kalmar nan."

Yau da safe sai ga gayya an zo tayar da rumbun.

Ku fa, da wane yare tsofaffinku suke yarda su ce sun gaji?