Yadda Gwaggo Ramu Ta Zaɓi Maƙiyinta

Ku da kuka san Gwaggo Ramu, don Allah ku faɗi gaskiya: akwai wanda ya taɓa ganin ta fita ƙofar gida ba kujerarta? 'Yar tsugunon nan nake nufi, wadda hayaƙin banda ya mayar baƙa ƙirin. A ka take ɗora ta kamar mai talla. Suna, biki, asibiti, kai ko gidan maƙwabta za ta leƙa, da ita take tafiya. Wata rana na ce mata, "Gwaggo, gidan Hajiya Mariya fa za mu, kujeru har sun yi masu yawa." Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Hadiza, dut inda mutum za shi, jira ya riga shi isa. Ni kam na gama jira tsaye."

Ni ɗiyar ƙaninta ce, kuma murhuna na jikin nata a filin bandar kifi na bakin gulbi tun kafin in yi haihuwar fari. Saboda haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

Kun dai tuna kalmarta. Kowace rigima aka kawo mata, amsa ɗaya ce: "An ɗage." Akuyar Zali ta cinye shinkafar da Hamsatu ta shanya, suka zo suna ɗaga murya har masu kwale-kwale na leƙe. Gwaggo ta saurare su tsaf, ta gyara itace a murhu, ta ce, "An ɗage. Ku komo in an kwashe albasa." Aka kwashe albasa, suka dawo. Ta ce, "Ina akuyar?" Zali ta ce tana gida. "To ƙaƙa za a yi shari'a mai laihi ba ta nan? An ɗage." Kafin zama na uku ɗiyar Zali ta haihu, aka yanka akuyar aka yi wa baƙi miya, Hamsatu kuwa tana cikin waɗanda suka fi kowa zage damtse a kan kwanon. Da suka zo, Gwaggo ta ce, "Hamsatu, kin ci naman?" Ta ce ta ci. "To kin cinye mai laihi, kin cinye shinkahwarki da ke cikinta. Mi ya rage?" Hamsatu ta koma bakin murhunta.

Ba da wannan hali aka haife ta ba, koya mata aka yi. Da mijinta ya rasu ya bar mata gonar shinkafa a Garu, sai wani ɗan'uwansa ya ce tasa ce, magana ta kai kotu a Kandi. Mutumin ya ɗauki lauya, ɗan garin nan namu, Metir Gado, don Metir ake ce wa lauya a nan. Jama'a, shekara bakwai! Ta bar kifi a hannuna ta shiga mota, ta je ta tsaya a baranda har ƙafafunta su kumbura, a kira su, Metir ya miƙe cikin baƙar rigarsa ya zuba Faransanci mai daɗi, a sa masu wata rana. Yau shaida ba shi da lafiya. Wani zuwan takarda ba hatimi. Wani zuwan kuma sai an aiko mai awon fili, shi kuwa mai awon ya tafi Kwatano. Ana cikin haka wata damina gulbi ya cika ya sake hanya, ya haɗa da gonar ya wuce. Da aka gaya mata sai ta ce, "Alhamdu lillahi, yau an samu alƙali mai hanzari." Muka yi dariya. Amma na ga ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, don a gonar nan ta yi ƙuruciyar aurenta.

Tun daga nan ba ta ƙaunar jin ko sunan Metir. In ya zo hutu gida yakan aiko mai dafa masa abinci sayen banda, don duk Malanville an san babu kamar ta Gwaggo. Mutumin ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ga kwanduna a jere kifi har yana ƙyalli. Ta ce, "Kihi bai iso ba."

"Inna, ga shi nan gabanki!"

"Wanga ba shi da hatimi. Ka ce ma maigidanka shi aiko wata mai kamawa."

To, sai ga babbar magana. Wani Alhaji mai manyan motoci, ba sai na kama suna ba, ya ƙyalla ido kan filinmu yana son gina sito. Mu kuwa ba mu da ko guntuwar takarda. Kakanninmu ne suka fara hura wuta a wurin, iyakar shaidarmu ke nan. Mata da yawa ke ci da 'ya'yansu daga wannan hayaƙi, rabinmu zawarawa ne ko masu miji kamar babu. In aka tashe mu ba mu san inda za mu dosa ba, don ba mai yarda a hura masa hayaƙin kifi a tsakiyar unguwa. Daidai lokacin kuma zaɓen kansiloli ya zo, kowa ya san wanda ya ci a mazaɓarmu shi za a ba kwamitin filaye.

Mutum biyu suka fito. Na farko Malam Isufu, tsohon shugaban makaranta, wanda ba a taɓa jin ya karɓi ko goron wani ba, kuma takarda ba ta kwana a teburinsa. Na biyu, ku riƙe zuciyarku, Metir Gado ne, ya ajiye baƙar riga ya shiga siyasa. Lauyan masu hali, wanda ya sha yi wa shi kansa Alhajin aiki! Ba mu ma tsaya shawara ba. Muka ce mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaya wa mai ƙarfi a kotu, in ya hau kujera da safe, kafin azahar ya sayar da mu.

Ranar da Metir ya kira taro a bakin kasuwa, muka bi ta wurin don mu ga marasa kunyar da za su je. Sai Zali ta damƙe hannuna har da farce. "Hadiza, waccan ba Gwaggo ba ta?" Inna lillahi! Ita ce, a sahun gaba, ɗaure da atamfar kamfe mai hoton Metir. Kwandon da ke kaina saura kaɗan ya faɗi. Na ce asiri aka yi mata, Hamsatu ta ce a'a, tsufa ne ya fara taɓa ta. Abu ɗaya ne ya ɗan kwantar mana da hankali: yadda ta ɗaura zanen, fuskar Metir ta faɗa daidai wurin da take zama a kai.

Na bi ta gida. "Gwaggo, mi kika yi muna? Mutumen da ya cinye maki shekara bakwai? Ga Malam Isuhu, mutumen kirki!"

"Kirkinai shi ka ba ni tsoro," ta ce. "Alhaji na da masu rubuta mashi takarda, ta zo cikakka da hatimi. Malam Isuhu shi duba shi ga doka ta cika, shi sa hannu ranar yana hawaye, sannan shi zo shi yi muna jaje. Wancan kuwa na san aikinai, ƙahwahuna sun shaida. Ko uwatai ta kawo takarda sai ta komo. Mu da ba mu da takarda, wa muke so in ba wanda bai gama magana ba?"

Na ce, "In kuma ya canza hali hwa?"

"Ɗan shekara hamsin? Ke kin canza yadda kike hura wuta?"

Ta bi mu murhu murhu, gida gida, har mazanmu ba ta ƙyale ba. Wasu suka bi ta don sun gamsu, wasu don tsoron bakinta. Ni dai na jefa wa Metir ƙuri'ata, kuma har yau in na hango Malam Isufu sai in sake hanya don kunya. Metir ya ci.

Zaman farko na kwamiti kan takardar Alhaji muka cika ofis, hayaƙin jikinmu ya danne turaren kowa. Metir ya juya takardu, ya gyara tabarau, ya ce babu taswirar fili. An ɗage. Gwaggo ta dafa gwiwata ta matse. Zama na biyu aka kawo taswira, ya ce da rani aka auna, ya kamata a ga inda ruwa ke kaiwa da damina. Damina ta zo aka auna, ya ce mai awon bai sa hannu a shafi na biyu ba. A zama na huɗu ko na biyar Alhaji ya kasa daurewa, ya miƙe babbar riga na jan ƙasa.

"Metir, ni za ka yi ma haka? Ni da ka sha tsaya ma?"

"Alhaji, sa'adda nike yi maka wanga aiki bisa wasu, ban taɓa jin ka yi kuka ba."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a cikin ofishin, sai da aka fitar da mu.

Amma kada ku ɗauka daɗi kawai muka sha. Mutumin nan komai ɗagewa yake. Magudanar ruwan da aka yi wa unguwarmu alkawari, ita ma a wurinsa ta maƙale, wai sai ya tabbatar ta filin wa za ta bi. Masu neman takardar gida suka yi ta sintiri har takalma suka ƙare. Wata damina ruwa ya shigo ɗakina ya jiƙa katifa da tufafi, na je wurinta a fusace na ce ga abin da zaɓinta ya jawo mana. Ta ce, "Ni na ce maki shina da amhwani? Cewa na yi na san shi. Ruwa in ya shiga ɗaki hita yake yi. Alhaji in ya shiga hili, ke da jikokinki ba ku ganin hitatai." Na koma na shanya katifata.

Haka muka ci shekaru, hayaƙinmu na tashi. Sai bana, wa'adinsu na gab da ƙarewa, labari ya zo cewa takardun Alhaji sun cika cif, ba sauran abin da za a ce babu. A daidai lokacin Gwaggo ta kwanta. Kwana tara ta yi. Na ce mata, "Gwaggo, an ce wanga karo ba makawa." Da ƙyar take magana, ta ce, "Za shi samo wani abu. Ba don mu ba, hali ne." Da hantsin Laraba ta cika.

Ranar sadakar uku Metir ya zo gaisuwa. Ba wadda ta yi masa kyakkyawar fuska. Ya gama da maza, ya aiko a kira ni, ya ce in ba shi sunayen matan filin banda duka. Na ce shi ke nan, sunayen waɗanda za a tasa ne. Bayan sati guda aka kira mu ofis. Zama ɗaya, jama'a, ko gumi bai bushe mana ba! Aka karanta cewa fili na ƙungiyar mata masu banda ne, an ƙi buƙatar Alhaji, Metir ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Hamsatu ta zauna a ƙasa daɓas. Zali sai salati take ta yi. Ni kuma abin da ya fara zo mini, Allah Ya yafe mini, shi ne da Gwaggo na nan da ta ji haushi, an ƙaryata ta a bainar jama'a.

Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina gane lambobi. Na duba saman takardar, sai na ga ranar da aka rubuta ta ta kai shekara biyu. Na tsaya har kowa ya fita.

"Metir, wagga takarda ai ta daɗe."

Ya cire tabarau ya jima yana gogewa. "Ta daɗe cikin aljihun tebur. Inna Ramu ta tsaya gabana Kandi, ta zamna gabana nan. Dut sa'adda na ce an ɗage sai ta kaɗa kai, kamar ta gama karanta ni tun daga hwarko har ƙarshe. Na so in miƙa mata wagga da hannuna, in ga huskarta rana guda ta san ta yi kuskure."

"To mi ya hana?"

"Kullum sai in ce zama mai zuwa."

Na fito da takardar a hannu ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun a bakin titi, masu babur suna kallona. Ta san shi, wallahi ta san shi. Sai dai akwai ɗan wurin da ba ta gani ba, kuma halin nan nasa da ta sani shi ya hana ta gani.

Gwaggo, fili ya zama namu, wuta na ci a murhunki, ni nake hura ta. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya saka miki da alherin bakunan da kika ciyar. Kin yi jira a duniya har ya isa. Allah Ya sa can kina isa a buɗe miki. Amin.